Yadda ake auna shaƙuwar 'yan'uwa: hanyar da ake bi da matasan Meksiko, da yadda za ta yi aiki a Damagaram

Duk wanda ya tashi auna abin da ke tsakanin wa da ƙane, ko ya da ƙanwa, zai tarar yawancin ma'aunan da ke hannu, wato jerin tambayoyin da ake ba amsoshinsu maki, a Amurka aka ƙera su, da Turanci, aka gwada su kan ɗaliban jami'a masu ɗan'uwa ɗaya ko biyu. Masana halayyar ɗan Adam na Meksiko sun riga mu shiga wannan rigima. Su ma aron ma'aunan suke yi, su ma al'ummarsu ta ɗora wa dangi nauyi mai yawa. Tun tsakiyar ƙarni na 20 Rogelio Díaz-Guerrero na UNAM, babbar jami'ar ƙasa ta Meksiko, ya dage cewa ba a gane halin ɗan Meksiko sai ta ƙa'idodin da ya tashi da su a gidansu. Daga wannan makaranta aka sami dabarun da ɗalibi a Jami'ar André Salifou, ko ma'aikacin wata ƙungiya a nan Damagaram, zai ɗauka ya yi aiki da su.

Kafin a rubuta tambaya ko ɗaya, sai an raba shaƙuwa da zumunci, domin nan ne aiki ya fi lalacewa. Zumunci aiki ne da ake gani: zuwa suna, zaman makoki, gudummawar biki, aika kuɗi gida. A Meksiko suna da irinsa, suna ce masa familismo. A 2023 kuɗin da 'yan ƙasar mazauna waje suka aika gida ya haura dala biliyan 60 na Amurka. Amma wan da ke turo kuɗi kowane wata daga Kalifoniya, ko daga Libiya in a wajenmu ne, yana iya zama wanda ƙanensa bai taɓa faɗa masa damuwarsa ba. Idan ma'auninka kuɗi da ziyara yake ƙirgawa, kowa zai ci maki mai yawa, kai kuma ba ka auna komai ba.

Shaƙuwa, a ma'anar da masani ɗan Birtaniya John Bowlby ya shimfiɗa a 1969, tana da alamomi huɗu. Mary Ainsworth ta ƙarfafa fahimtar da abin da ta gani wajen iyaye mata da jarirai a Yuganda a shekarun 1950, sannan Cindy Hazan da Phillip Shaver suka kai ta kan manya a 1987. Alamomin su ne: mutum yana son kusantar wanin, idan ya shiga damuwa wurinsa yake gudu, rabuwa da shi tana yi masa zafi, sanin cewa yana nan kuma yana ba shi ƙarfin zuciyar fita ya nemi na kansa. Kowace tambaya da za ka sa a takarda, ka tambayi kanka wace ce daga cikin huɗun take taɓawa. In ba ta taɓa ko ɗaya ba, ta zumunci ce, ka ware mata wurinta daban.

Wa za a tambaya, kuma a kan wa

Shekarun da aka saba ɗauka su ne 18 zuwa 29. Jeffrey Arnett, wanda ya ware wannan zango a 2000, daga 18 zuwa 25 ya fara. A Meksiko da yawan masu waɗannan shekaru suna gidan iyaye tare da 'yan'uwansu, kuma tun 2019 dokar tarayya ta hana aure ƙasa da shekara 18. A Nijar ƙididdigar 2012 ta nuna kusan uku cikin kowace mace huɗu sun yi aure kafin 18. Ke nan 'yar shekara 22 a unguwar Garin Malam tana iya zama uwar 'ya'ya biyu a ɗakin mijinta, yayyenta suna wata unguwa. Dole takardarka ta tambayi aure da wurin zama, in ba haka ba za ka ɗauki nisan gida a matsayin nisan zuciya.

Sai babbar magana: wane ɗan'uwa? Haihuwa a Meksiko ta sauka daga sama da 'ya'ya shida ga kowace mace a 1970 zuwa ƙasa da biyu a yau, don haka matashin can yana da zaɓi kaɗan. A Nijar ƙididdigar 2012 ta nuna 7.6, ta 2021 ta nuna 6.2, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan aure suna da abokiyar zama. Ka ce wa saurayi a unguwar Birni "ɗan'uwanka", mutum goma sha biyar ne za su faɗo masa a rai, har da ɗan baffansa. Kada a taɓa yin tambaya a kan "'yan'uwa" a dunƙule. Wanda ke ƙaunar yayarsa, ba ya ga maciji da wansa, zai ba ka amsar tsaka-tsaki wadda ba ta dace da ko ɗayansu ba.

Hanyoyin zaɓi uku ne. Ana iya ce masa ya zaɓi wanda ya fi kusa da shi a zuciya. Wannan yana kumbura sakamako, don kowa zai kawo na hannun damansa. Ana iya ɗaukar wanda ya fi kusa da shi a shekaru, kuma ita aka fi bi. Ana iya sa shi ya lissafa duka, a ba kowa lamba, a yi ƙuri'a. Mu a ganinmu ta biyu ta fi sauƙi, da sharaɗin sun zauna gida ɗaya aƙalla shekara biyar. Ko wacce ka ɗauka, ka rubuta ta tun kafin fita, kada mai tambaya ya sauya ta a hanya. Bayan an zaɓa, a rubuta harafin farko na sunan a saman kowane shafi, don kada hankalin mai amsa ya koma kan wani.

Daga nan a cike bayanan mutumin da aka zaɓa: namiji ko mace, tazarar shekaru, wa ya girmi wa, shekarun da suka yi tare, inda yake yanzu, da sau nawa suke magana a wata. Takardun Meksiko sukan raba ciki ɗaya, wanda aka haɗa uwa ko uba kaɗai, da ɗan mijin uwa ko ɗan matar uba. Tamu sai ta fi haka faɗi: uwa ɗaya uba ɗaya, 'yan uba, uwa ɗaya uba kowa da nasa, agola, ɗan riƙo, da ɗan dangi da aka taso tare. Wanda ya haɗa shaƙiƙai da 'yan uba a layi ɗaya ya binne abin da ya fi kowane ban sha'awa a bincikensa.

Fara da bakin mutane

Dabarar da ta fi cancanta a ara daga Meksiko ita ce ta tattara kalmomi, wadda Figueroa, González da Solís suka fito da ita a 1981, Isabel Reyes-Lagunes ta gyara ta a 1993 don ƙera ma'auni. Ba ta buƙatar komai sai takarda da biro. A sami mutum 50 zuwa 100, rabi maza rabi mata. A ba kowa buɗaɗɗiyar jimla, misali "A wurina, yayana shi ne…", a ce ya kawo kalmomi aƙalla biyar, ɗai-ɗai, ba dogon bayani ba, cikin kamar minti ɗaya. Sannan ya jera su: wadda ta fi dacewa ta zama ta 1, mai bi mata ta 2, har ƙarshe. Wanda ba ya rubutu ya faɗa, mai tambaya ya rubuta, ya karanta masa ya jera.

Wajen lissafi, kalmar da aka sa a matsayi na 1 tana cin maki 10, ta 2 tana cin 9, haka har ta 10 mai cin maki 1. A ce mutum 12 sun sa "amana" a farko, 8 a na biyu, 5 a na uku: 120 da 72 da 40, jimla 232. A yi wa kowace kalma haka, a ɗauki goma ko goma sha biyar na sama. A yi wa "ƙanena", "yayata" da "ƙanwata" nasu daban. Idan kalmomin da suka hau kan "yayana" su ne uba, tsoro, girmamawa, na "yayata" kuma uwa, sirri, shawara, to ka san tun yanzu cewa tambaya ɗaya ba za ta yi ma'ana ɗaya a wuraren biyu ba. Kuskuren da ake yi a nan shi ne haɗa kalmomi masu kama da juna da garaje. Kunya da kara da tsoro ba abu ɗaya ba ne. Kada a haɗa sai mutum biyu masu jin harshen sun amince.

Ma'aunin kansa

Akwai da dama. Na Furman da Buhrmester na 1985 don yara aka yi shi. Na manya da Stocker, Lanthier da Furman suka fitar a 1997 yana da tambaya 81, yana auna ƙauna, saɓani da kishi; yana da kyau ga mai son nazarin 'yan ubanci, amma tsawonsa yana gajiyar da mutane. Na Riggio na 2000 yana da 48, ya haɗa ƙuruciya da girma. Wanda ya nufi shaƙuwa kai tsaye kuma gajere shi ne ECR-RS, na Fraley da abokan aikinsa a 2011. Jimla tara ne kawai, an tsara shi don a maimaita shi kan uwa, uba, masoyi da aboki, kuma ana sa ɗan'uwa a gurbin.

Jimla shida na farko suna auna ɗari-ɗari, wato ja da baya daga mutum. Huɗu daga ciki an rubuta su ta fuskar alheri: zuwa wurinsa lokacin buƙata yana taimakawa, ina faɗa masa damuwata, muna tattauna al'amura, jingina da shi ba ya yi mini wuya. Ta biyar da ta shida suna cewa ba na sakewa in buɗe masa cikina, na fi son in ɓoye masa abin da ke raina. Uku na ƙarshe suna auna fargaba: tsoron bai damu da ni ba, tsoron zai juya mini baya, tsoron ƙaunar da nake yi masa ta fi wadda yake yi mini. Amsa daga 1 ce zuwa 7. Ka ƙara da tambayoyi huɗu irin na Hazan da Zeifman na 1994, inda ake barin mutum ya ambaci kowa: wa ka fi son zama da shi, wa kake nema in ranka ya ɓaci, wa ka fi kewa in kun rabu, wa ka san ko yaushe yana bayanka. A nan za ka ga ko ɗan'uwan yana fitowa da kansa ba tare da an ambace shi ba. Sai tambayoyin zumunci biyar ko shida a ƙarshe. Duka kada su wuce minti 20.

Fassara

Tsarin da Richard Brislin ya bayyana a 1970 har yau shi ake bi. Mutum biyu su fassara kowa shi kaɗai, a daidaita, na uku wanda bai ga asalin ba ya mayar da ita harshen farko, sannan a zauna a kwatanta. A Meksiko tsalle ɗaya ne, daga Turanci zuwa Sifaniyanci. A wajenmu akan yi biyu, Turanci zuwa Faransanci, Faransanci zuwa Hausa, kuma a kowane tsalle ana zubar da wani abu. A fassara daga asali kai tsaye. Mafi muni shi ne a ba masu tambaya takardar Faransanci a ce kowa ya juya ta da baki a gaban mai amsa. Mutum shida za su yi tambaya iri shida. A rubuta Hausar, a naɗi muryarta a waya, kowa ya haddace ta.

Sai a gwada kan mutum 10 zuwa 15, ana karanta jimla ana cewa, "Malama, da bakinki, me aka tambaye ki?" A nan ɓoyayyun matsaloli suke fitowa. Ka sa kalmar "dogara" a jimla ta huɗu, wani zai ce maka shi ga Allah kaɗai ya dogara, wani kuma ya ɗauka ana nufin wansa ke ciyar da shi. "Jingina" ko "sakin jiki da shi" sun fi kaiwa inda ake so. Jimlar juya baya takan jawo "Allah ya kiyaye, ai ciki ɗaya muka fito", wanda addu'a ce, ba amsa ba, sai mai tambaya ya ce, "Amin. To amma tunanin yakan zo miki?" Jimlolin da ke da "ba" suna rikita mutane idan amsar ma "ban yarda ba" ce. Ga waɗannan, mai tambaya ya maimaita amsar da cikakkiyar jimla kafin ya rubuta.

Kunya tana buƙatar kulawa ta musamman. Ƙanwar da ba ta kiran sunan wanta sai Yaya, ba ta zama in ya shigo, ba za ta faɗa masa sirrin zuciyarta ba. Jimla ta biyar da ta shida za su nuna ta a matsayin mai ɗari-ɗari. Amma ranar da zaman gidan miji ya yi tsami, ƙofarsa za ta fara bugawa. A Meksiko ma girmama babba, abin da suke kira respeto, yana iya shiga amsa ta wannan hanya. Maganin shi ne a sa tambayoyi biyu ko uku kan kunya, a auna ta daban, sannan a duba sakamako rukuni huɗu: namiji kan namiji, namiji kan mace, mace kan namiji, mace kan mace, kowanne a raba babba da ƙarami.

Matakan amsa ma suna da tarko. Hui da Triandis sun nuna a 1989 cewa masu asalin ƙasashen Sifaniyanci a Amurka sun fi zaɓar amsar ƙarshe-ƙarshe idan matakan biyar ne, abin ya ragu da aka mai da su goma. Reyes-Lagunes takan yi amfani da zanen akwatuna masu bambancin girma, daga babba zuwa ƙarami, mutum ya nuna wanda ya yi daidai da yardarsa. Wannan yana aiki sosai ga wanda bai yi boko ba: kwali ɗaya, akwati bakwai, ya ɗora yatsa. Wata hanyar ita ce tambaya hawa biyu: "Haka ne ko ba haka ba?", sannan "Kaɗan, da dama, ko ƙwarai?"

Wuri da lokaci

Kada a yi tambaya a fada abokai suna saurare, ko a zaure mai gida yana zaune, balle a gaban wanda ake magana a kansa. Mace ta tambayi mace. A gaida mai unguwa a sanar da shi kafin a shiga gidaje, a nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike, a karanta wa kowa bayanin yarda, kada a rubuta cikakken suna. A kauce wa makon salla, lokacin da kowa ya yafe wa kowa. A Meksiko Disamba ce ke da wannan matsala, sa'ad da 'yan ci-rani suke dawowa gida bukukuwa. Manhajar KoboCollect tana aiki ba intanet, kuma tana hana tsallake tambaya. Mutum ɗaya ake ɗauka a kowane gida. In an ɗauki wa da ƙane duka, amsoshinsu a ɗaure suke da juna, sai an yi musu lissafin bibbiyu na musamman.

Game da yawa, ƙa'idar da aka saba ita ce mutum goma ga kowace jimla, amma kada a gaza 200. 300 ya fi. Kuma kada duka su zama ɗalibai. Ɗaliban birnin Meksiko ko Guadalajara ba su wakilci matasan ƙauyukan Oaxaca ba, a ƙasar da ke da harsunan asali 68. Haka ɗaliban jami'a ba su wakilci ɗan kabu-kabu na Kara-Kara ko matar aure a Mirriya ba.

Lissafi

Jimla ta 1 zuwa ta 4 sai an juya su: a cire amsar daga 8. Ga misali. Wata ta amsa 6, 5, 6, 7, 2, 3 a shida na farko. Bayan juyawa sun zama 2, 3, 2, 1, 2, 3. Jimla 13, a raba shida, 2.17: ba ta ɗari-ɗari. Wani ya amsa 3, 2, 2, 5, 6, 6. Bayan juyawa 5, 6, 6, 3, 6, 6. Jimla 32, wato 5.33: yana ja da baya sosai. Wanda ya manta juyawa zai ba ta 4.83, ya ba shi 4.0, ya kifar da gaskiya gaba ɗaya. Fargaba kuwa matsakaicin uku na ƙarshe ne, ba juyawa. In ka rage matakan zuwa biyar, daga 6 za ka cire. Kada a haɗa makin biyu su zama ɗaya.

Sannan a duba ko ma'aunin ya tsaya da ƙafarsa. Alfa na Cronbach, lambar da ke nuna yadda amsoshin jimlolin ɓangare ɗaya suke tafiya tare, ya kai 0.70 a kowane ɓangare. In ya fito ƙasa ƙwarai ko da alamar ragi, kusan kullum juyawa aka manta. Jimlar da dangantakarta da sauran ta gaza 0.30, a koma a duba fassararta kafin a yi tunanin cire ta. A yi lissafin da ke nuna ko jimlolin sun rabu gida biyu kamar yadda aka tsara. Lissafin yana fitar da lambobi biyu, CFI da RMSEA, masu nuna yadda amsoshin suka dace da tsarin: ana son CFI ya kai 0.90, in ya kai 0.95 ya fi, RMSEA kuma kada ya wuce 0.08. Manhajojin jamovi, JASP da R duk kyauta ne kuma suna yi. A koma wa mutum 30 zuwa 50 bayan mako biyu zuwa huɗu a sake tambayarsu, a ga ko amsar ta zauna.

Mai son kwatanta Damagaram da Meksiko ya yi hattara. Tiyar wata kasuwa ba lallai ta yi daidai da ta wata ba, ko da sunansu ɗaya. Maki 4 a can da maki 4 a nan ba za a jera su ba sai an yi gwajin daidaiton ma'auni tsakanin rukunan biyu, mataki-mataki, ana duba kada CFI ya faɗi da fiye da 0.01. In gwajin bai wuce ba, ana iya kwatanta yadda abubuwa ke tafiya tare a kowace ƙasa, misali ko tazarar shekaru tana ƙara ɗari-ɗari, amma ba a cewa waɗannan sun fi waɗancan shaƙuwa.

Akwai waɗanda tambayar za ta taɓa musu ciwo. A Meksiko rajistar gwamnati ta mutanen da suka ɓace ta haura 100,000 a watan Mayun 2022, kuma da yawansu yayyen wasu ne ko ƙannensu. A nan akwai wanda ɗan'uwansa ya bi hanyar Agadas shekaru ba labari, akwai wanda ya rasa shaƙiƙinsa, akwai waɗanda rabon gado ya raba. Tun a shafin farko a tambaya ko wanda ƙa'ida ta faɗa kansa yana raye kuma an san inda yake. In ya rasu ko ya ɓace, a yi ta'aziyya ko jaje yadda ya kamata, a rubuta hakan a gurbinsa, a wuce ga mai bi masa a shekaru. In mai amsa ya fara hawaye, a tsaya, a bar shi ya zaɓi ci gaba ko bari, kuma kowane mai tambaya ya fita da sunan wurin da za a iya tura mutum ya sami mai saurarensa.